Yadda Ake Sa 'Yar Fitila Ta Riƙa Ƙiftawa: Darasin Farko Na Sarrafa Na'ura

Jama'a, kusan kowace na'urar zamani da muke amfani da ita a gida ko a wurin aiki tana ɗauke da wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikinta, wadda ke gaya mata abin da za ta yi da lokacin da za ta yi shi. Akwai ta cikin mitar wutar lantarki mai kati, da rimot na talabijin, da na'urar da ke tsara cajin batirin sola, da injin mota, da danjar da ke ba da hannu a mararrabar titi. Sunanta a bakin masana maikurokwanturola, mu kuwa a nan za mu riƙa kiranta 'yar ƙwaƙwalwa. Yawancinmu saye kawai muke yi, in na'ura ta lalace mu jefar mu sayi wata, domin ba mu san abin da ke gudana a ciki ba. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa ɗalibi, ko mai gyaran rediyo, ko malamar makaranta, kowa yana iya ba wannan abu umarni da hannunsa, ya kuma ga ya bi.

Mece Ce 'Yar Ƙwaƙwalwa?

Kwamfuta ce cikakkiya da aka tattara cikin ɗan baƙin guntu guda, wani ma bai kai farce girma ba. A cikinta akwai sashen da ke lissafi, da ma'ajiyar umarni, da ƙafafu na ƙarfe waɗanda take kunnawa ko kashewa. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannai, aiki ɗaya kawai ake ba ta, ta yi ta maimaita shi dare da rana.

Injiniyoyi biyu na kamfanin Texas Instruments na Amurka, watau Gary Boone da Michael Cochran, su ake dangantawa da ƙirar ta farko a 1971. A 1974 kamfanin ya fito da samfurin TMS1000 kasuwa, aka sa shi cikin na'urorin lissafi da kayan wasan yara. A wancan zamani sai ƙwararren injiniya mai kayan aiki masu tsada ke iya taɓa irin wannan abu. Sauƙi ya zo a 2005, sa'ad da wasu malamai a wata makarantar koyon zane da ƙira a garin Ivrea na ƙasar Italiya, cikinsu har da Massimo Banzi da David Cuartielles, suka shirya wani ɗan allo mai araha domin ɗalibansu waɗanda ba injiniyoyi ba ne. Suka sa masa suna Arduino. A 2010 aka fito da samfurin da ake kira Uno, wanda shi ne za mu yi misali da shi. Ba su ɓoye tsarin allon ba, saboda haka kamfanoni da dama suna ƙera irinsa, abin da ya ƙara karya farashinsa.

Me Ya Sa Ake Farawa Da Fitila?

Da rarrafe yaro kan tashi. Fitilar da ke kamawa tana mutuwa ba wani aikin a zo a gani ba ne, amma tana ba da shaida a kan abubuwa huɗu lokaci guda: allon yana samun wuta, kwamfuta tana magana da shi, umarnin da aka rubuta daidai ne, haɗin wayoyi kuma ba kuskure. In ɗaya daga cikinsu ya ɓaci, fitila ba za ta ƙifta ba. Haka kuma, wanda ya iya kunna fitila da umarni ya riga ya san hanyar kunna ƙararrawa ko famfon ban ruwa, domin duk asalinsu ɗaya ne, watau kunnawa da kashewa a kan lokaci.

Kayan Da Ake Bukata

Na farko, allon Arduino Uno ko makamancinsa. Na biyu, wayar USB irin wadda ake haɗa firinta da ita. Na uku, kwamfuta mai manhajar Arduino IDE, wadda ake samu kyauta a intanet. Na huɗu, 'yar fitila ja irin ta LED. Na biyar, rizista mai om 220, ana gane ta da zobba masu launin ja, ja, da ruwan ƙasa a jikinta. Na shida, allon gwaji mai ramuka da 'yan wayoyi biyu, domin a haɗa kaya ba tare da narka dalma ba. Ana iya tambayar waɗannan a shagunan masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, kuma ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi allo ɗaya.

Irin wannan fitila ja, Nick Holonyak ne ya ƙera ta a kamfanin General Electric a 1962. Ba ta da zaren da ke zafi kamar tsohon ƙwan lantarki, kuma wuta tana bi ta cikinta ta fuska ɗaya kaɗai. Don haka ƙafafunta biyu ba daidai suke ba. Doguwar ita ce wuta ke shiga ta cikinta, gajeruwar kuwa ita ce mafita. In an juya su fitila ba za ta kama ba.

Amfanin Rizista

Mu ɗauki wutar lantarki kamar ruwan famfo. Ƙarfin turin ruwan shi ne ake aunawa da bolt, yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya, rizista kuwa kamar siririn bututu ce da ke rage kwararar, ana auna ta da om. Wani masani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakar waɗannan uku a 1827: in ka raba bolt da om, abin da ya fita shi ne amfiya.

Allon Uno yana fitar da bolt 5. Fitila ja tana cin kimanin bolt 2, saura 3 ke nan. In aka raba 3 da 220 za a sami wajen kashi 14 cikin 1,000 na amfiya, watau miliamfiya 14. Wannan ya isa fitila ta haska sosai, kuma bai kai miliamfiya 20 ba, wanda shi ne abin da aka ba da shawara kada kowace ƙafar 'yar ƙwaƙwalwar ta wuce. In babu rizista, babu abin da zai tare kwararar. Fitila tana iya ƙonewa, wanda ƙaramar hasara ce, amma ƙafar 'yar ƙwaƙwalwar ma tana iya lalacewa, ita kuwa ba ta gyaruwa. Kada rowar abin da bai taka kara ya karya ba ta jawo hasarar allo.

Yadda Ake Haɗawa

Kafin komai, a tabbata allon ba ya jone da kwamfuta. A gefensa akwai jerin ramuka 14 masu lamba daga 0 zuwa 13, kusa da na 13 kuma akwai wani da aka rubuta GND, wanda shi ne hanyar da wuta ke komawa. A ɗauki waya daga rami na 13 zuwa ƙafa ɗaya ta rizista a kan allon gwaji. A haɗa ɗaya ƙafar rizistar da doguwar ƙafar fitila. Sa'an nan a ɗauki waya ta biyu daga gajeruwar ƙafar fitila zuwa GND. Rizista ba ta da gaba ko baya, ko ta ina aka juya ta daidai ne. Yanzu hanya ta zagayo: wuta za ta fito daga 13, ta bi rizista, ta bi fitila, ta koma GND.

Wanda bai sami fitila da rizista ba tukuna kada ya damu. A jikin allon kansa akwai wata 'yar fitila mai alamar L, wadda masu ƙira suka riga suka haɗa da rami na 13. Ita ma za ta bi umarnin.

Umarnin Da Za A Rubuta

A buɗe manhajar a rubuta wannan, harafi da harafi:

void setup() {
  pinMode(13, OUTPUT);
}

void loop() {
  digitalWrite(13, HIGH);
  delay(1000);
  digitalWrite(13, LOW);
  delay(1000);
}

Umarnin kashi biyu ne. Kashin farko, setup, sau ɗaya tak ake karanta shi, da zarar wuta ta shigo. A cikinsa an gaya wa 'yar ƙwaƙwalwa cewa rami na 13 na fitar da wuta ne. Kashi na biyu, loop, shi ne take bi daga sama zuwa ƙasa, in ta kai ƙarshe ta koma farko, ba ta tsayawa sai an cire wuta. Layin farko a cikinsa yana cewa a sa bolt 5 a rami na 13, fitila ta kama. Na biyu yana cewa a dakata. Lambar 1000 tana nufin daƙiƙa ɗaya, domin an raba kowace daƙiƙa kashi 1,000 ne. Na uku yana cewa a janye wutar, na huɗu kuma a sake dakatawa daƙiƙa ɗaya.

Dakatawar nan wajibi ce. Agogon da ke cikin allon Uno yana bugawa sau miliyan 16 a kowace daƙiƙa. In ba a ce ta jira ba, za ta kunna ta kashe da saurin da idon ɗan Adam ba zai iya gani ba, sai mutum ya zaci fitilar a kunne take kawai.

Bayan an gama rubutu, a jona allon da kwamfuta, a zaɓi sunan allon da kuma mashigar da aka jona shi a cikin manhajar, sa'an nan a danna alamar kibiya. Manhajar za ta mai da rubutun zuwa lambobin da 'yar ƙwaƙwalwa ke fahimta ta aika mata. Za a ga wasu 'yan fitilu biyu masu alamar TX da RX suna walƙiya na ɗan lokaci. In sun tsaya, fitilarka za ta soma ƙiftawa.

Sau da yawa sabon allo yakan zo da irin wannan umarni a cikinsa tun daga masana'anta. Domin ka tabbata naka ne yake bi, mai da 1000 ɗin nan biyu zuwa 200 ka sake aikawa. In ƙiftawar ta ƙara sauri, to, lalle maganarka yake ji. Umarnin kuma ba ya gogewa ko an ɗauke wuta, domin yana zaune ne a ma'ajiya ta dindindin. Ana iya cire allon daga kwamfuta a jona shi da batirin cajin wayar hannu, ko batir mai bolt 9 ta baƙar mashigar da ke gefe, zai soma aikinsa nan take.

In Fitila Ta Ƙi Kamawa

Kada a yi saurin cewa allon jabu ne. A fara duba fitilar L. In tana ƙiftawa amma ta waje ba ta yi, umarni daidai ne, laifin na haɗi ne: a juya ƙafafun fitila, a kuma duba ko waya ta shiga rami na 12 maimakon 13. In manhajar ta nuna jan rubutu a ƙasa, a duba ko an manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen wani layi, ko an sa ƙaramin harafi inda babba yake, domin a wurin na'ura W da w ba ɗaya ba ne. In kuwa kwamfuta ba ta ga allon ba sam, a canza wayar USB. Wasu alluna masu araha suna ɗauke da guntun CH340, wanda yakan bukaci a sa wa kwamfuta wata ƙaramar manhaja kafin ta gane shi.

Gargaɗi

Rigakafi ya fi magani. Bolt 5 na wannan allo ba ya cutar da mutum ko ya taɓa shi da hannu. Amma wutar soket ta gidajenmu bolt 230 ce, watau ninki 46 na wancan, tana kuwa kisa nan take. Kada a kuskura a haɗa allon ko 'yar fitila kai tsaye da wayar gida. Akwai hanyar da 'yar ƙwaƙwalwa ke kunna ƙwan ɗaki ko famfo, amma wannan darasin gaba ne, ba a yinsa sai a gaban ƙwararren mai aikin lantarki. Iyaye da malamai su sa ido ƙwarai a kan wannan, domin yaron da ya ga fitilarsa ta ƙifta, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya gwada da ƙwan ɗaki.

Haka kuma kada a haɗa ramin 5V da GND da waya kai tsaye. Kada a aza allon a kan tire na ƙarfe ko wuri mai laima. A cire wuta duk lokacin da za a sauya haɗi. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, jikin mutum yakan tara wata 'yar wuta da ke tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, ita kuwa tana iya lalata guntu. A taɓa ƙofar ƙarfe tukuna, a kuma riƙe allon ta gefe.

Mataki Na Gaba

Wanda ya yi nasara ya gwada mai da lambar zuwa 10. Fitila za ta riƙa ƙiftawa sau 50 a daƙiƙa, ido kuma zai ga kamar tana kunne ne da raunin haske. Bayan haka ya samo fitilu uku, ja da rawaya da kore, kowace da rizistarta, ya sa su a ramuka na 11 da 12 da 13, ya tsara umarnin yadda za su riƙa karɓa-karɓa. Ya haɗa 'yar danja ke nan da hannunsa.

Wasu ƙasashe sun ɗauki wannan ilmi da muhimmanci. A 2016 hukumar BBC da abokan aikinta sun raba wani ɗan allo mai suna micro:bit kyauta ga yara 'yan shekara 11 zuwa 12 a makarantun Birtaniya, kusan guda miliyan ɗaya. Mu ma ba sai mun jira babban ɗakin gwaji ba. Allo ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa a soma a aji ko a shagon gyara. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya gwada, in fitilarsa ta ƙifta ya zaunar da ƙanensa ko ƙanwarsa ya koya musu.