Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Cizon Sauro Ba

'Yan'uwana mata, a wannan mako za mu yi magana a kan wata cuta ta zuciya wadda kan fake da zazzaɓi, har a yi makonni ana ba mai ita maganin cizon sauro ba a dace ba.

Zuciyar ɗan Adam tana da ɗakuna 4 da ƙyamare 4 masu buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Cikinta kuwa lulluɓe yake da wani siririn tantani. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, sukan maƙale a wannan tantani, musamman a kan ƙyauren da ya riga ya raunana, su yi ta cinsa.

A ƙasarmu abin da ya fi raunana ƙyauren shi ne wani irin ciwon maƙogwaro na yara 'yan shekara 5 zuwa 15. In ba a yi maganinsa ba, bayan mako 2 ko 3 sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su biyo baya. Su lafa, amma su bar wa zuciya tabo. Yarinya takan girma da shi ba ta sani ba, sai ta yi aure ta sami juna biyu, numfashi ya fara gagararta.

Ƙwayoyin kuwa sukan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko dasashi mai jini, ko maruru, ko allura da aska marasa tsabta. Alamomin cutar su ne zazzaɓin da ya ƙi tafiya, da gumin dare, da kasala, da rama, da haki. In aka yi sakaci, takan jawo kumburin ƙafafu ko shanyewar ɓarin jiki.

Mu mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni ba mu da hujjar jinkiri, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan maƙwabtanmu a kan titin Zariya. Likita zai saurari ƙirji, a ɗebi jini kamar sau 3 don a gano ƙwayar, kana a ɗauki hoton zuciya. To, a nan ne kafson kyamis ke ɓata aiki: in an riga an sha shi, ƙwayar takan ƙi fitowa a gwajin, alhali ba ta mutu ba.

Kafin a soma amfani da fanisilin a shekarun 1940, da wuya mai wannan cuta ya tashi. Yanzu ana warkewa, amma sai an jure allura ta jijiya mako 4 zuwa 6, wani lokaci har da tiyata.

Saboda haka, uwargida, in yaro ya yi kukan maƙogwaro da zazzaɓi, asibiti za a kai shi, ba gun wanzami ba. Wadda aka ce ƙyauren zuciyarta ya taɓu, kada ta tsallake allurarta ta wata-wata, ta kuma faɗa wajen awo da wajen likitan haƙori. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe buroshi da asuwaki safe da dare. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.