Gaskiya ko Jita-jita: Wai jinin Larabawa ne ya sa Musulmin Indiya da Pakistan riƙon addini?

Duk wanda ya taɓa zama a harabar Harami tsakanin La'asar da Magariba ya san su. Dattawa masu gemu ja jawur da lalle, doguwar taguwa da wando buje, an shimfiɗa leda a ƙasa, ga gurasa, ga shayi mai madara a fulas, carbi kuma bai bar hannu ba. Shekarar da na yi Umara na zauna dab da wani dattijo ɗan Pakistan, muka riƙa lallaɓa hira da ɗan Larabcin da Allah ya hore mana. Da na tambayi sunansa sai ya faɗa, ya ƙara da "Ƙuraishi", ya dafa ƙirji, sannan ya nuna ƙasa da yatsa, wato nan ne garin kakanninsa. Bayan ya tashi, Alhajin da muka zo tare ya jinjina kai ya ce, "Ka ga dalili ke nan. Riƙon addinin mutanen nan a jini yake, ai Larabawa ne."

Tun daga lokacin na sha jin irin wannan magana a majalisa da bakin masallaci. Ta cancanci a tsaya a auna ta, domin mutanen da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne: Indiya da Pakistan da Bangladesh sun tara kusan kashi ɗaya cikin uku na Musulmin duniya. Indiya kaɗai, a ƙidayar 2011, tana da Musulmi kimanin miliyan 172.

"Yawancinsu jikokin Larabawa da Farisawa da Turkawa ne"

Jita-jita ce, amma da ƙwayar gaskiya a cikinta. Baƙi sun zo, babu musu. Fataken Larabawa sun daɗe suna sauka a gaɓar Malabar ta kudancin Indiya don sayen kayan yaji, wasu suka auri matan gari, daga nan al'ummar Mappila ta jihar Kerala ta samo tushe. Muhammad bin Ƙasim ya ci Sind a wajajen 712. Bayansa Turkawa da Afganawa suka kafa daular Delhi a 1206, Babur kuma ya kafa daular Mughal a 1526. Sai dai waɗannan mayaƙa ne da malamai da 'yan kasuwa, 'yan tsiraru a cikin tekun jama'a. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a kan al'ummomin Musulmin Indiya ya nuna sun fi kusa da maƙwabtansu waɗanda ba Musulmi ba, sai ɗan ɗigon gado daga Iran da tsakiyar Asiya a wasu gidaje.

Ko ba a shiga ɗakin gwaji ba, sunaye sun isa shaida. A Punjab za ka tarar da Bajwa Musulmi a Lahore da Bajwa mabiyin addinin Sikh a tsallaken iyaka. Haka Cheema, haka Bhatti, haka Chauhan. Zuriya ɗaya ce addini ya raba. Muhammad Iqbal, mawaƙin da Pakistan ke tinƙaho da shi, kakanninsa Barahmanawan Kashmir ne, wato rukunin malaman addinin Hindu, na gidan Sapru, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa ƙasar a 1947, ya fito daga 'yan kasuwar Khoja na Gujarat, waɗanda asalinsu 'yan ƙasa ne da suka musulunta.

To daga ina duk waɗannan Ƙuraishawa da Ansarawa da Siddiƙawa suka fito? Amsar tana cikin wata magana ta biyu da mu ma muke yawan faɗa.

"Bambancin asali matsalar Hindu ce, babu ita a tsakanin Musulmi"

A koyarwar addini haka ne, tsoron Allah ne ma'auni. A zaman yau da kullum kuwa jita-jita ce, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo cikin duk abin da na karanta a kan yankin. Musulmin can suna da abin da suke kira zat ko biradari, wato rukunin da aka haife ka a ciki, wanda ke nuna sana'ar gidanku da ƙofar da za ka iya zuwa neman aure. An daɗe ana kasa su gida uku. A sama akwai ashraf, masu danganta kansu da ƙasashen waje: Sayyid, Shaikh, Mughal da Pathan. A tsakiya ajlaf, masu sana'ar hannu irin su masaƙa, mahauta, wanzamai da maɗinka. A can ƙasa arzal, masu shara da kwashe bayan gida. Abin ba sabo ba ne. Tun a ƙarni na 14, marubucin fadar Delhi Ziya'uddin Barani ya shawarci sarki da kada a ba 'ya'yan ƙasƙantattun gidaje ilmi ko muƙami. A 2006 ma kwamitin Sachar, wanda gwamnatin Indiya ta kafa don duba halin Musulmi, ya tabbatar da cewa wannan rabo yana nan.

Yanzu ka sa kanka a matsayin masaƙi a wani gari a Bihar. Kana sallah biyar, ka sauke Alƙur'ani, amma sunan sana'arku, julaha, ya zama zagi a bakin mutane, ana buga misalin wauta da shi. Me za ka yi? Masaƙa suka ɗauki sunan Ansari, suka jingina da mutanen Madina da suka karɓi Annabi (SAW). Mahauta da yawa suka zama Ƙuraishi. Wasu suka zama Siddiƙi ko Faruƙi. Har akwai tsohon karin magana a can mai cewa mutum bara masaƙi ne, bana ya zama Shaikh, in kasuwa ta yi kyau baɗi sai ya zama Sayyid. Masu kuɗi kan faɗe shi don dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Wanda aka hana mutunci saboda sana'ar ubansa, in ya nemi suna ya lulluɓa, laifin yana kan waɗanda suka tsiraita shi.

Fiƙihu ma ya shiga ciki. Mafi yawan Musulmin yankin Hanafawa ne, kuma littattafan mazhabar suna lissafa nasaba da sana'a cikin abin da ake dubawa wajen kafa'a, wato dacewar miji da mata. Mu 'yan Malikiyya ba mu gaji wannan ba, don a wajen Imam Malik addini da lafiya daga aibi ne abin dubawa. Duk da haka kada mu yi saurin wanke hannu, mun san gidajen da har gobe ba sa ba mahauci ko wanzami 'yarsu. A can abin ya fi tsauri nesa ba kusa ba. Buɗe shafin neman aure a jaridun ranar Lahadi, za ka ga an rubuta ƙarara cewa gidan Sayyid ne ke neman gidan Sayyid. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021, kimanin bakwai cikin goma na Musulmin Indiya sun ce yana da matuƙar muhimmanci a hana aure tsakanin rukuni da rukuni.

Sharifan fa, wato masu sunan Sayyid? Akwai na gaskiya, masu salsala a rubuce da aka sani tun kaka da kakanni, kamar yadda muke da su a Kano da sauran garuruwanmu. Amma ba duk mai sunan ba. A 2010 wasu masana a Landan sun gwada alamar gado da ɗa namiji ke karɓa daga ubansa kaɗai, a jikin mazajen yankin da ke kiran kansu Sayyid. Da a ce duk daga tsatso guda suka fito, da alamar ta zo ɗaya. Ba ta zo ɗaya ba, ko da yake an ga gadon Larabawa ya fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a. Waɗanda aka gwada ba su da yawa, don haka ba a yanke wa kowane gida hukunci da wannan.

Waɗanda ke ƙasa sun fara magana da bakinsu. A 1998 wani ɗan jarida, Ali Anwar, ya kafa ƙungiyar Pasmanda a Bihar. Kalmar Farisanci ce, ma'anarta waɗanda aka bari a baya. Kukansu biyu ne: cewa 'yan ashraf sun mamaye shugabancin makarantu da ƙungiyoyin Musulmi, da kuma dokar 1950 da ta keɓe gurabun karatu da aiki ga mafi ƙasƙancin rukunonin Hindu. An sa mabiya Sikh cikinta a 1956, mabiya Buddha a 1990, amma Musulmi da Kirista mai shara yana waje.

"Da takobi aka musuluntar da su"

An yi yaƙe-yaƙe, an rushe wuraren bauta. Harin Mahmud na Ghazni a kan wurin bautar Somnath a 1026 sananne ne. Amma in takobi ne ya yi aikin, ya kamata Musulmi su fi yawa inda sarakunan suka fi ƙarfi. Akasin haka aka gani. Ƙidayar da Turawan Ingila suka fara a 1872 ta nuna cewa a yankin Delhi da Agra, cibiyar mulkin Musulmi na sama da shekara 600, Musulmi ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A gabashin Bengal da yammacin Punjab kuwa, can gefen daula, su ne mafiya rinjaye. Masanin tarihi Richard Eaton ya bi diddigin Bengal ya gano noma a gindin lamarin: koguna suka sauya hanya suka yi gabas, aka shiga sare daji ana shuka shinkafa, jagororin aikin kuma sau da yawa shehunai ne da aka ba fili, suka kafa ɗan masallaci na ciyawa, ƙauye ya taru a kewaye. A Punjab, ƙabilun Jat sun shiga addinin sannu a hankali, tsara bayan tsara, ta hanyar hulɗa da hubbaren waliyyai irin su Baba Farid na Pakpattan.

Wannan batu na asali ba hirar malaman tarihi kaɗai ba ce. Masu tsattsauran ra'ayin Hindu suna jifan Musulmi da "Babur ki aulad", wato 'ya'yan Babur, don su nuna baƙi ne. An ji wannan kalma sosai a lokacin da aka rushe masallacin Babri a Disambar 1992. In an ce musu 'yan ƙasa ne, sai su juya su ce to su "koma gida", su bar Musulunci. Duka biyun zalunci ne. Kakannin Sahabbai ma gumaka suka bauta wa, kuma ba wanda ya ce imaninsu aro ne. A Pakistan kuma hukuma ce ta riƙa jan hankalin jama'a zuwa waje: an sa wa makamai masu linzami sunayen Ghauri da Ghaznavi da Abdali, sarakunan da suka kawo yaƙi daga waje, a 2020 kuma gidan talabijin na gwamnati ya fara nuna wasan Turkiyya na Ertugrul cikin Urdu bisa shawarar Firaministan lokacin, Imran Khan.

"Tsananin addininsu daga Saudiyya aka kawo shi"

Rabin gaskiya. Bayan tashin farashin man fetur a 1973 miliyoyin ma'aikata sun tafi ƙasashen Larabawa sun dawo da sababbin ɗabi'u, kuɗi sun kwarara cikin makarantu lokacin yaƙin Afganistan, Janar Ziya'ul Haƙ kuma ya sauya dokokin Pakistan tsakanin 1977 da 1988. A waɗannan shekaru ne sallamar "Khuda Hafiz" ta Farisanci ta fara ba "Allah Hafiz" wuri. Amma tushen ya girmi man fetur. Shah Waliyullah na Delhi, malamin da ya yi kiran gyara addini, tun a 1762 ya rasu. An buɗe makarantar Deoband a 1866, shekara tara bayan tawayen 1857 da Turawa suka murƙushe, da malami ɗaya da ɗalibi ɗaya a gindin bishiyar rumman, kamar yadda labarin makarantar ya zo, kuma da gudummawar jama'a ta rayu. Masarautar Saudiyya sai a 1932 aka kafa ta. Malaman Deoband Hanafawa ne, manyansu kuma 'yan ɗariƙa ne. Abin da ya haifi wannan tsanani shi ne fargabar al'ummar da mulki ya suɓuce mata, take neman abin da za ta riƙe.

Mu dawo ga maganar abokin tafiyata, cewa a jini yake. Gaskiya ne shugabannin waɗannan makarantu yawanci 'yan gidajen ashraf ne, don su ne ke da damar karatu. Amma duba su wa suka ɗauki nauyin. Sir Sayyid Ahmad Khan, Sharifi ne da sunansa, shi ya kafa kwalejin boko ta Aligarh a 1875, malamai suka yi masa ca. Ubaidullah Sindhi kuwa, ɗaya daga cikin fitattun malaman da Deoband ta yaye, a gidan Sikh aka haife shi, yana saurayi ya musulunta. A Bengal, manoma da masaƙa ne suka cika sahun ƙungiyar Fara'izi ta Haji Shari'atullah a ƙarni na 19. Hukuncin wannan magana: jita-jita.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Mewat, kudu da Delhi. Mutanen wurin, Meo, Musulmi ne da suka daɗe suna haɗa sunayen Hindu da na Musulunci, suna bukukuwan ɓangarorin biyu, da yawansu ba su iya sallah ba. A tsakiyar shekarun 1920 Maulana Muhammad Ilyas ya ga gina makarantu bai wadatar ba, sai ya riƙa tura su rukuni-rukuni, su bar gida kwanaki, su koya su koyar. Daga nan aka sami Jama'atut Tablig, mai tarukan Raiwind kusa da Lahore da Tongi kusa da Dhaka. Saboda haka, mai karatu, ranar da ka ga baƙi sun sauka a masallacin unguwarku da tukunya da risho da shimfiɗa a naɗe, suna cewa sun fito kwana arba'in, ka sani manoman Mewat ne suka fara wannan tafiya, kuma jikokinsu har yau suna kiran kansu da sunayen zuriyar Rajput ta Hindu, wadda suke cewa daga ita kakanninsu suka fito.