"Ai Zai Famfare": Lissafin Da Likita Ke Yi Kafin Ya Cike Haƙorin Yaro

Iyaye da yawa in sun ga baƙi a haƙorin yaro sai su ce a ƙyale shi, ai na nono ne, zai famfare. Haƙoran gaba kam daga shekara 6 zuwa 7 suke soma zubewa. Amma turamen nono, waɗanda yaro ke tauna da su, sai ya kai shekara 10 zuwa 12 suke fita. Ke nan ɗan shekara huɗu mai rami a turmi, shekara shida ko fiye zai yi yana fama.

Shi ya sa likitan haƙori ke fara tambayar shekarun yaro. Haƙorin da ya soma girgiɗi, kuma ba ya ciwo, sau da yawa ba a wahalar cike shi.

Sai zurfin ɓarnar. Ɗaga leɓen yaro na sama a wuri mai haske, ka duba gindin haƙora kusa da dasashi. In ka ga fari-fari kamar an goga alli, ruɓa ce ta fara, amma ba ta huda ɓawon haƙori ba tukuna. Wannan ba ya bukatar ciko: likita zai shafa maganin fuloraid, a rage alawa da lemon kwalba, a dage da goge baki safe da dare. In kuwa rami ya buɗe, abinci na maƙalewa, buroshi ba ya kaiwa, to lokacin ciko ya yi. Ruɓar da ta ɓuya tsakanin turame biyu sai hoto ke nuna ta.

Ba kullum ake tayar da injin da yara ke tsoro ba. Akwai dabarar da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980: a kankare ruɓar da kayan hannu, a cike. Akwai kuma wani ruwan magani mai azurfa da fuloraid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Yana tsayar da ruɓa, sai dai wurin yakan yi baƙi ƙirin, don haka a tambaya kafin a shafa a haƙoran gaba.

Ciwon da ke tada yaro cikin dare, ko ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya, alama ce ɓarna ta kai jijiya. Nan ciko kaɗai ba ya yi, sai aikin jijiya ko cirewa. Kanumfari na iya lafar da zogi, amma ba ya hana ruɓa ci gaba. In kunci ya kumbura ga zazzaɓi, kada a kwana, a nufi asibiti.

A kula da turmin da ke tsirowa can ƙurya, bayan na nono, wajen shekara 6. Babu haƙorin da ya zube a gurbinsa kafin ya fito, shi ya sa iyaye ke zaton na nono ne. Na dindindin ne, in ya tafi babu wani a bayansa.