Kira Ga Mutanen Wurno Da Raba Da Gwaranyo A Kan Dogon Ƙaura

Ku sani jirgin ƙasa bai taɓa shiga ƙasar Wurno ko Raba ko Gwaranyo ba, birnin Sakkwato kansa bai taɓa jin kukansa ba. Duk da haka akwai wani dogo wanda mutuwarsa ta shafi mutanen waɗannan garuruwa, rayuwarsa kuma za ta amfane su, watau reshen nan da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda. Babu wata tasha da ta fi ta Ƙaura kusa da gabashin Sakkwato, gama hanyar da ta tashi daga Marnona ta ratsa dajin Gundumi ta faɗa Isa, daga nan sai Shinkafi, sai Ƙaura. Yau ga dogon nan kwance, haki ya rufe shi. Ana ta kiraye-kirayen a ta da shi, amma kiran ya rarrabu, kowa da abin da yake nema. Manufar wannan bayani ita ce a fayyace abin da ya kamata a fara nema, da yadda za a neme shi.

Asalin dogon

Jirgi ya iso Kano a 1911. Da Turawa suka ga yadda gyaɗa ta cika taragai, sai suka shiga miƙa rassa zuwa wuraren da ake noma kayan da suke bukata. A 1929 reshen Zariya ya kai Ƙaura, tsawonsa ya haura kilomita 200, a 1930 kuma na Kano ya kai Nguru. A zamanin nan Gusau da Ƙaura duk suna cikin Lardin Sakkwato, sai a 1996 aka yanke Jihar Zamfara. Saboda haka duk wanda ya ce Sakkwatawa ba su da rabo a wannan dogo bai san tarihinsa ba.

Turawa ba don son talakawa suka shimfiɗa shi ba, don auduga da gyaɗa da kiraga suka yi. Aka kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Gusau, kamfanoni suka buɗe kantuna da sikeli a bakin tasha, jakuna da raƙuma suka riƙa kawo kaya daga ƙauyuka, daga baya motoci suka karɓe su. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda dā fatake ke ratsa Sahara da ita har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko, ita ma ta koma bin dogo zuwa Ikko. Amma abin da aka yi don wani sai ya zama alheri ga wasu. Jirgin da ya gangara da gyaɗa ba ya dawowa wofi, yakan hau da goro da gishiri da kananzir da tufafi. Ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ya sami ikon zuwa Kurmi ya dawo cikin kwanaki kaɗan, tafiyar da kakansa ke yi wata da watanni cikin ayari. Almajiri mai neman ilmi a Zariya, ko mai nufin gabas don tilawa, shi ma ya sami sauƙi. Gusau, wadda ƙaramin gari ce kafin zuwan dogo, ta bunƙasa ta zama babbar kasuwar lardin.

Yadda ya mutu

Dalilan mutuwarsa guda uku ne. Na farko, kayan da aka gina shi dominsu suka ragu. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, suka karya noman gyaɗa a Arewa, a 1986 kuma gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Na biyu, da kuɗin man fetur suka shigo, sai hankalin hukuma ya koma kan kwalta, manyan motoci suka kwashe lodi. Na uku, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta rasa kuɗin gyara. Kawunan jirgi suka tsufa, dogo ya lalace, jirgin da aka ce zai zo Litinin sai a gan shi Alhamis. Ɗan kasuwa kuwa yana jure tsada, amma ba ya jure rashin alkawari. Da amana ta fita, sai lodi ya bi ta.

Sai a watan Disamba na 2012 aka sake bikin buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Kano bayan gyara. An ba da aikin gyaran reshen Ƙaura shi ma, sai dai bai haifar da zirga-zirga mai ɗorewa ba.

Abin da ƙasar Rima take da shi yau

Mai yiwuwa wani ya ce, tun da dalar gyaɗa ta tafi, me jirgi zai ɗauka? Amsa ita ce ƙasar ba ta bar noma ba, abin da take nomawa ne ya sake. An gama madatsar ruwan Gwaranyo a kan gulbin Rima a 1984. Fadamun Wurno da Gwaranyo suna ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa, ƙasar Raba tana da gero da wake da bisashe. Wanda ya san kasuwar Acida ya san irin lodin da ke tashi daga nan zuwa Kudu. A Kalambaina, kusa da Sakkwato, ga kamfanin siminti, duk abin da ya fitar a kan mota yake tafiya, yana farfasa kwalta. Daga Kudu kuma ana bukatar taki da manja da goro da gishiri. Lodin zuwa da na dawowa duk akwai.

Hikimar jirgi a fili take. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da turjiya kamar taya a kan kwalta, don haka kan jirgi guda yakan ja abin da motoci masu yawa za su rarraba, da mai kaɗan. Idan kuɗin dako ya ragu, manomi ya sami ƙari a kan buhunsa, mai saye a Ibadan ya sami rangwame. Idan kuwa dako ya cinye riba, manomin ne ke fara kuka, gama shi ne ba shi da wanda zai ɗora wa.

Nema iri biyu

Masu neman jirgi sun kasu kashi biyu. Kashi na farko suna cewa a manta da tsohon dogo, a nemi sabo. Hujjarsu ita ce tsohon faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, ya fi gudu, ya fi ɗaukar nauyi. Irinsa aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, da tsakanin Ikko da Ibadan a 2021, a watan Fabrairu na 2021 kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Ga shi kuwa cikin shirye-shiryen Gwamnatin Tarayya akwai sabuwar hanya daga Zariya ta Gusau da Ƙaura zuwa Sakkwato da Illela, har Birnin Ƙonni.

Wannan buri ne mai kyau, kada a bar shi. Amma a tuna tun 1929 ake jiran dogo ya wuce Ƙaura. Hanyar Barno, wadda aka fara a 1958 da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, sai a 1964 ta kai Maiduguri, a zamanin da aiki ke tafiya ke nan. Sabuwar hanya tana bukatar awo, da biyan diyyar gonaki, da gadoji a kan gulabe, da rance daga ƙetare. Tsohuwar kuwa filinta na nan, tudunta na nan, tashoshinta na nan. Kashi na biyu, masu cewa a fara ta da abin da ke akwai, su suka fi kusa da daidai, gama ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Bugu da ƙari, ranar da za a yi shawarar inda sabon dogo zai bi, babu hujjar da ta kai a nuna lodin da tsohon ke ɗauka kowane mako.

Akwai kuma abin tsoro cikin jinkiri. Dā akwai wani siririn dogo daga Zariya zuwa Jos, an gama shi a 1914 don jigilar kuza. Aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafansa, har yau bai dawo ba. Dogon da aka bari kwance ɓarayin ƙarfe ke sassarewa, masu gini su ci filinsa, ruwan sama ya zaizaye tudunsa. Kowace damina da ta wuce kuɗin gyara ƙaruwa suke yi.

Matsalolin da ba a ɓoyewa

Mai neman gaskiya ba ya faɗin daɗi ya bar ɗaci. Matsala ta farko ita ce tsaro. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi a kasuwar Gwaranyo a watan Oktoba na 2021, da yadda matafiya suka ƙaurace wa dajin Gundumi. Jirgin ma bai tsira ba, gama ranar 28 ga Maris 2022 aka tare na Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka kama wasu. Tasha a Ƙaura ba ta da amfani ga mutumin Wurno muddin ba zai iya kai buhunsa can lafiya ba. Don haka neman jirgi da neman tsaron hanyar Marnona zuwa Isa da Shinkafi abu guda ne, kada a raba su.

Ta biyu, saukewa da sake lodi. Kayan da aka ɗora a mota a Acida, aka sauke a Ƙaura, aka sake ɗorawa a tarago, sun ci kuɗin leburori sau biyu. Wannan ba ya biya sai tafiya mai nisa, kuma sai kaya masu nauyi da ke jure kwana, kamar shinkafa da wake da siminti da taki. Albasa tana iya bi, amma da sharaɗin tarago mai shan iska da jirgi mai cika alkawari. Tumatir da ɗanyen tattasai a bar wa mota.

Ta uku, reshe ba ya tsiro in gindi ya bushe. Jirgin Ƙaura ba shi da inda za shi sai hanyar Zariya zuwa Kudu tana aiki. Saboda haka dole masu nema su haɗa baki da mutanen Gusau da Funtuwa da Zariya.

Yadda za a nema

Da fari a taƙaita bukata. Kada a rubuta takarda mai buƙatu ashirin, wadda za a karanta a ajiye. A nemi abu uku: a gyara dogo daga Zariya zuwa Ƙaura, a sa jirgin kaya mai ƙayyadaddiyar rana ko da sau ɗaya a mako, a tsare hanyar da ke kai wa tasha. Jirgin fasinja ya biyo baya in an ga lafiya.

Na biyu, a zo da lissafi. Hukuma ba ta jin "muna da kaya da yawa", tana jin adadi. Sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai na Acida da Wurno da Gwaranyo da Raba su sa magatakarda, kowace ranar kasuwa a rubuta mota nawa ta tashi, da me, zuwa ina, nawa aka biya. Ko da ajami aka rubuta ya wadatar, malamai na nan da za su taimaka. In aka yi haka shekara guda, daga kaka zuwa kaka, an sami hujjar da babu mai tunkuɗe ta. Attajirai kuma su sa hannu cewa in jirgi ya zo za su ba shi buhu kaza kowane wata.

Na uku, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dā sha'anin jirgin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon shiga cikinsa. Tsohon dogon yana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa, amma yanzu babu gwamnan da zai ce ba ruwansa. Jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kaduna suna iya haɗa ƙarfi su yi yarjejeniya da hukumar. A 2024 kuma aka kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma, wadda irin wannan aiki ya dace da ita. A kai takarda ta hannun uwayen ƙasa zuwa fadar Sarkin Musulmi da ta Sarkin Kiyawan Ƙaura, a ba wakilai na majalisun jiha da na tarayya, a riƙa tambayarsu labarinta duk lokacin da suka zo gida, musamman sa'ad da ake tsara kasafin kuɗi.

Na huɗu, a kiyaye abin da ya rage. Dogo dukiyar jama'a ce. Wanda ya sare shi ya sayar wa 'yan gwangwan, da wanda ya saya yana sane, duk sun ci amanar al'umma. Ya kamata limamai da masu wa'azi na garuruwan da dogon ya ratsa su faɗi haka a fili, masu unguwanni kuma su hana gini a kan filinsa.

Na biyar, a nisanta maganar daga jam'iyya. Buhun shinkafa ba shi da tuta. In aka bari neman ya zama na wani ɓangare, ranar da ɓangaren ya faɗi shi ma ya faɗi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya zauna a Wurno, ya ƙarfafa wa mutane noma da sana'a da tsare hanyoyi, gama ya san gari ba ya zaunuwa sai da kasuwa, kasuwa kuwa ba ta ci sai da hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Abuja ba su san abin da mai albasa ke biya daga Acida zuwa Ikko ba sai an rubuta an kai musu. To, ga kaka na tafe, sai a nemi takarda da alƙalami a fara ƙirga motoci.

Allah ya ba ƙasa lafiya, ya sa a dace. Wassalam.