Da gaske ne kare na fitar da wari idan ya tsorata?

Gaskiya ne, kuma ba tusa ba ce kamar yadda wasu ke zato. Mafarautan ƙauyukan Nangere, irin su Kukuri da Dawasa da Tikau, da ke fita daji da karnuka bayan an kawar da amfanin gona, ba baƙi ba ne ga wannan wari. Amma ɗan'uwanmu da ya biyo motar shanu daga Potiskum, ya samu aikin gadi a Legas ko Ibadan ko Fatakwal, aka haɗa shi da ƙaton karen maigida, shi ya fi kowa buƙatar sanin ma'anarsa.

Kowane kare, mace ko namiji, yana da wasu 'yan jakunkuna guda 2 a gefen duburarsa, ɗaya dama ɗaya hagu. A cikinsu ake tara wani ruwa mai maiƙo, mai ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi. Duk lokacin da kare ya yi kashi, kaɗan daga ruwan nan na fita tare da shi, kuma warin kowane kare daban yake. Shi ya sa in karnuka biyu suka haɗu, gaisuwarsu ta farko ita ce shinshinar bayan juna. Katin shaidarsu kenan.

To idan kare ya firgita ƙwarai, naman da ke kewaye da jakunkunan sai ya matse ba da son ransa ba, ruwan ya tsiyayo gaba ɗaya. Ɗigo kaɗan ya isa ya cika ɗakin gadi. Wanda ya taɓa cin karo da bodari a gona ya san irin wannan aiki, don shi ma daga irin jakunkunan nan yake fesa nasa. Bambancin kawai, bodari da gangan yake yi don kare kansa, shi kuwa kare suɓuce masa yake yi. Wani karen ma har da fitsari, tafin ƙafarsa kuma ya jiƙe da gumi.

A Kudu an fi jin wannan wari lokacin tsawar damina da kuma ƙarshen shekara, sa'adda yara ke ta fasa nokawut a unguwanni.

Ga inda maganar take da nauyi. Kare mai tsoro, in ya rasa hanyar gudu, cizo yake yi. Don haka in ka ji warin nan, ka ga ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa sun kwanta baya, yana lasar baki ko yana karkarwa, kada ka ce bari ka lallashe shi da hannu, kada kuma ka ɗaga masa sanda. Ka daina kallonsa ido cikin ido, ka juya masa gefenka, ka ja da baya a hankali, ka bar masa hanya. Gudu kam kada ka fara, ba za ka tsere masa ba. A ja wa yara kunne sosai, su ne suka fi ritsa kare a lungu.

Shi ma fa yana jin naka tsoron. Hancin kare na iya ɗauke da ƙwayoyin jin ƙamshi har miliyan 300, na mutum kuwa wajen miliyan 6 ne. A 2022 masu bincike a Jami'ar Queen's da ke Belfast sun gwada karnuka 4 da gumi da numfashin mutane 36, kafin a sa su lissafi mai wuya da kuma bayansa. Karnukan sun gane samfurin mutumin da hankalinsa ya tashi fiye da sau 93 cikin 100. Sai dai binciken bai ce warin tsoro ne ke sa kare cizo ba. A ganina, ihu da zabura da gudu sun fi jawo wa mutum haƙoransa.

In warin ya ƙi tafiya alhali babu abin da ya firgita karen, kuma kana ganin yana jan gindi a ƙasa ko yana yawan lasar wurin, to jakunkunan ne suka toshe. Ka gaya wa maigida a kira likitan dabbobi. Ba aikin maigadi ba ne ya matse su.

In kuma tsautsayi ya sa an yi cizon, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da ƙwarzane ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. Tun ranar da ka kama aiki ka tambayi maigida takardar rigakafin karen, ka duba kwanan watan allurar ƙarshe.