Yaron da ba a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba

Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin kudancin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Sabil da Gulail da Karantina, jama'armu ta watsu. Wasu sun yi Makka, wasu sun hauro arewa har Abhur. Kowa ya ji jiki, amma ba kamar uwar da ke rainon yaro mai lalura ba. A da, in za ta asibiti, sai ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciya ta bar mata sauran yara. Yanzu maƙwabciyar tana can wata uwa duniya.

Mu da muke bayan kantar magani muna ganin yadda suke ɗinke wannan ɓaraka. Wasu sun kafa adashi, wadda ta kwasa ta sayi maganin wata uku ko keken yaro. Wasu suna haɗa kuɗin mota ranar ganin likita. Kakanni kuwa, Allah Ya saka musu, sun koyi miƙar da gaɓoɓin jika yadda masu gashin ƙashi suka nuna.

Abin da ya fi karya iyaye shi ne bakin mutane. Har yau ana kiran yaron da wuyansa bai tsaya ba ɗan ruwa. Alhali sau da yawa shawara ce mai tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwarsa a makon haihuwa, ko ya wahala wajen fitowa. Dattawanmu, maganarku ake ji, ku tsawatar. Markazul Aun na nan Jidda tun 1985 yake koyar da yara masu jinkirin fahimta, kuma da wuri ake so a kai su.

Sai maganin farfaɗiya, inda muka fi ganin kuskure. Da nauyin yaro ake auna shi, don haka awon bara ba lallai ya isa bana ba. A riƙa komawa wurin likita. Kada a yanke shi don an ga sauƙi, ko don an fara rubutu da tofi. Addu'a ba ta hana shan magani. In ciwon ya tashi, a kwantar da yaro ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. Ya wuce minti 5, a kira 997.