Isawa da Ƙullin Haihuwar Marar Farko

Wanda ya hau motar Zariya a tashar Unguwa Uku da ke Kano, in ya ƙara gaba kaɗan zai isa Wusasa. A can akwai majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausawa, tun 1929. Abin ɗaure kai, wasu cikin iyalan da suka fara cika ta jikokin malamai ne, masu allo da tawada. Me ya kai su?

Bakin zaren yana Kano. A ƙarni na 19, wani Malam Ibrahim ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya ɗaukaka shi fiye da yadda malaman gari za su lamunta. Ruwaya ta ce tsire shi aka yi a kasuwa. Mabiyansa, Isawa, suka watse, wasu suka nufi Ningi. Har nan dai babu Bature a zancen.

Sai a 1913 wasu cikin zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka rage suka ƙare a Wusasa.

Wannan ya nuna hanyar da ƙafa ta bi, amma da sauran rina a kaba. Isan da suka gada annabi ne, haifaffe ba uba, mai dawowa. Wanda Miller ke wa'azinsa kuwa Kalma ne marar farko, ta wurinsa aka yi duniya, sannan ya zama mutum. Duk almajirin kirki zai tambaya: wanda ba shi da jiya ba shi da gobe, yaya zai yi wata tara a ciki?

An daɗe da fafata wannan gardama a Afirka. Ariyus na Iskandariya ya koyar cewa Ɗan, wato Isa, yana da mafari. Taron Nikiya na 325 ya ƙi, ya ce zatinsa ɗaya da Uba, ba halitta ba ne. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriyar yau, ya kawo dabarar da na fi ganin kaifinta: lokaci ma halitta ne, tare da duniya aka yi shi, don haka tambayar me Allah ke yi kafin halitta ba ta da wurin tsayawa. Taron Kalsidon na 451 ya ƙarasa: mutum ɗaya, ɗabi'a biyu, ba su cakuɗe ba, ba su rabu ba. Ke nan, a koyarwar Kirista, abin da ya soma a cikin Maryamu mutuntakar ce, allahntaka ba ta sake ba.

Malamin Kano zai amsa da Suratul Ikhlas, ya ce sam. Isawan ma ba duka suka karɓa ba. Wasu sun tsaya kan tafarkin Malam Ibrahim. Waɗanda suka karɓa kuwa, a 1932 suka samu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Miller ya sa hannu a ciki.